Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Magajiyoyi da iyayenmu mata na Zangon Kumasi: ku bar wa mai ciki mai asma abin shaƙarta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu Magajiyoyi, Hajiyoyi shugabannin ƙungiyoyin mata, malamanmu mata na makarantu, da duk uwar da ke da 'ya ko suruka a ɗakin aure, tun daga Aboabo, Asawase da Sawaba har Tafo da Moshi Zango, ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga uwa. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya bar mana ku.

Ni 'yarku ce, a gabanku na girma, aikina kuwa ba da magani ne a wani shagon magani a nan cikin gari. Ban rubuta wa likitoci ko Hukumar Lafiya ba, domin sun riga sun san abin da zan faɗa. Ku na nufa, saboda a gidajenmu likita rubutawa kawai yake yi, amma wadda za ta ce a sha ko a ajiye, ku ce. Yarinya ta dawo daga asibiti da maganinta a jaka, uwar miji ta duba ta ce, "Ke da ke da juna biyu? Ajiye wannan sai Allah ya sauke ki lafiya." Shi ke nan magana ta ƙare, ko da babban likita ne a Gee, wato asibitin Komfo Anokye, ya rubuta.

Roƙona shi ne, idan 'yarku ko surukarku tana da asma, tana neman haihuwa ko ta riga ta samu ciki, ku bar mata abin shaƙarta, inhela ɗin nan, ku kuma zama masu tuna mata da shi.

Na san daga inda tsoron ya fito, kuma ba na raina shi. Akwai magungunan da ke lahanta ɗan ciki. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961 an riƙa bai wa masu laulayi wani magani mai suna thalidomide a Turai da wasu ƙasashe, aka haifi yara sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa. Hana mai ciki shan magani barkatai tarbiyya ce mai kyau, ni ma ita nake yi kullum a bakin aiki. Sai dai maganin asma ba ya cikin wannan lissafi.

Ɗan da ke ciki ba ya numfashi da huhunsa. Iskar da yake rayuwa da ita uwarsa ce ke shaƙa, ta shiga jininta, ta bi ta mabiyiya da cibiya ta isa gare shi. Cikin kansa yana ƙara wa jikin mace buƙatar iskar oksijin da kusan kashi 20 cikin 100. To daren da asma ta tashi, hanyoyin iska suka kumbura suka matse, majina ta toshe abin da ya rage, uwa tana zaune a bakin gado ƙirji na fito har kiran assalatu, ba ita kaɗai ke shan wahalar ba. Akwai wani a ciki da ba shi da bakin faɗa. Likitoci sun daɗe suna bin wannan al'amari, kuma abin da suke gani bai canza ba: matan da asmarsu ba ta samu kulawa ba lokacin ciki sun fi haihuwar bakwaini, sun fi haifar jariri maras nauyi, sun fi gamuwa da hawan jinin masu ciki, wanda ke iya kaiwa ga jijjiga. Waɗanda aka riƙe asmarsu da magani kuwa, cikinsu kan ƙare kusan daidai da na matan da ba su da ciwon. Wadda ta ajiye abin shaƙa don ta tsare ɗanta, gudun gara ta yi ta faɗa gidan zago.

Za ku ce, ai wance ta ajiye nata kuma ta haihu lafiya sumul. E, ana yin haka. Idan aka tara masu asma da suka samu ciki, kusan kashi ɗaya cikin uku ciwon kan yi musu sauƙi, kashi ɗaya ya tsaya yadda yake, kashi ɗaya kuma ya tsananta. Wance tana cikin kashin farko, Allah ya yi mata gyaɗar dogo. Amma babu uwa ko likitan da zai kalli yarinya a wata na biyu ya ce ga kashin da za ta faɗa. Tsanantar ma ta fi zuwa ne daga tsakiyar ciki, lokacin da laulayi ya wuce, kowa ya saki jiki. Abu biyu suka fi tayar da ita a wannan lokaci: mura, da daina maganin kariya.

Abin shaƙa iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana cutar da matanmu ƙwarai. Akwai na buɗe ƙirji, salbutamol, wanda kowa ya sani da Ventolin, yawanci shuɗi. Shi ke sassauta hanyar iska cikin 'yan mintuna, bayan awa 4 zuwa 6 aikinsa ya ƙare. Akwai kuma na kariya, irin su beclometasone da budesonide, wanda aka fi gani ruwan ƙasa, da waɗanda aka haɗa magani biyu a gwangwani ɗaya kamar Symbicort da Seretide. Shi na kariya ba a jin aikinsa nan take. Kumburin da ke cikin hanyar iska yake kwantarwa a hankali, sai an bi shi yadda likita ya tsara, ko ana jin lafiya ko ba a ji. Na shuɗin hayaƙi yake korewa, na kariyan shi ke kashe garwashin. Matanmu kuwa na kariyan suke fara jefarwa, don an ce musu akwai sitiroyid a ciki, wato maganin kumburi mai ƙarfi.

Akwai ɗin. Amma a duba yawansa, a duba inda yake zuwa. Huhu yake tafiya kai tsaye, abin da ke zarcewa cikin jini ɗan kaɗan ne. A ƙasar Suwidin ana rubuta kowace haihuwa da magungunan da uwa ta yi amfani da su. A 1999 aka fitar da lissafin jarirai sama da 2,000 waɗanda iyayensu suka shaƙi budesonide a farkon ciki, aka ga nakasar haihuwa a cikinsu ba ta wuce ta sauran jama'a ba. GINA, kwamitin duniya da ke tsara yadda ake kula da asma, ya ce mai ciki ta ci gaba da maganin kariyarta, kada ma a rage mata shi sai ta haihu. Tun 2019 kuma kwamitin ya daina yarda a bar babban mutum da na shuɗin shi kaɗai, domin wanda ya dogara da shi kawai ya fi shiga haɗarin mummunan tashi.

Ga wani abin da ke ɗaure mini kai a shago. Mace za ta ƙi abin shaƙa ta ce ya yi ƙarfi, na masu ciwo mai tsanani ne, a ba ta ƙwaya. Iyayena, fesa ɗaya ta salbutamol maikirogiram 100 ce. Ƙwaya ɗaya ta maganin nan dai, mai miligiram 4, daidai take da fesa 40, kuma ita ciki take shiga, ta bi jini ta zaga jiki duka, ta sa zuciya bugawa, hannu rawa. Wadda ta zaɓi ƙwaya don tsoron magani mai ƙarfi, mai ƙarfin ta zaɓa. Maganar kuma wai idan an saba ba a iya dainawa, abin shaƙa ba ya kama jiki yadda taba ke kamawa. Mace tana komawa gare shi ne don ciwon yana nan. Idan ta kai ana ɗauko na shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko tari yana tashinta da dare, ko gwangwani uku masu fesa 200 suna ƙarewa a shekara, to kariyar ce ba ta isa ba, a koma wajen likita ya gyara.

Matsalar tun kafin ciki take farawa, kuma a nan ina neman afuwarku, don zan taɓa inda ke da zafi. Muna ɓoye asmar 'ya'yanmu mata saboda aure. Ana gudun dangin miji su ce an kawo musu mai ciwo, ko ba za ta iya haihuwa ba. Amarya ta tare da inhela a ƙasan akwatin lefe, tana shiga bayi ta shaƙa a ɓoye, idan ya ƙare ba ta da bakin ce wa ango ya saya. Wata kuma an yi shekara shiru, sai a ce ai wannan abin da take shaƙa ne ya hana. An bincika wannan. A 2018 aka fitar da sakamakon bin mata sama da 5,000 masu cikin fari a Ostireliya, Birtaniya da wasu ƙasashe biyu. Masu asmar da ke kan maganin kariya sun samu ciki cikin lokaci ɗaya da marasa asma. Waɗanda suka ɗan jima kafin su samu su ne masu dogara da na shuɗin kaɗai. Ashe idan da abin da ke jinkirta ciki, to ciwon ne da aka bari ba kulawa.

Don haka yarinya mai asma da ke sa ran ciki, a kai ta ta ga likita tun kafin ta yi ɓatan wata. A duba ko maganinta yana riƙe ta, a kalli yadda take shaƙa, domin da yawa a harshe suke fesawa, ba ya kaiwa huhu. A fara mata ƙwayar bitamin folik asid, maikirogiram 400 a rana, kamar kowace mai neman haihuwa, har ciki ya kai mako 12. Wadda take shan ƙwayar asma ta montelukast tun da, kuma shi ke riƙe ta, ba ita za ta yanke wa kanta dainawa ba, likita ne zai duba. Mijin kuma ya sani. Namijin da zai ƙi mace saboda asma, gara a san halinsa tun ba a ɗaura ba.

Sai kunyar cikin fari. Yarinya ba ta faɗa, uwa ba ta tambaya, sai ciki ya fito kowa ya gani sannan a fara zancen awo. Kunya adonmu ce, ban ce a zubar ba, amma mai asma ba ta da wata biyar na ɓatawa. Tun watan Yulin 2008, zamanin Shugaba Kufuor, awo da haihuwa kyauta ne a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2016 mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, mai asma kuwa ana so a duba ƙirjinta kusan duk wata. Ko Manhyia ne, ko Tafo, ko Suntreso, ko ƙaramin asibitin unguwa, ranar farko ta buɗe baki ta ce tana da asma, ta tabbatar ungozoma ta rubuta a littafin awo, ta kuma tafi da gwangwanayen a gani. Idan yarinyar mai nauyin baki ce, ko Turanci da Asantanci ba su zauna mata ba, ɗaya daga cikinku ta raka ta.

Wannan rubutu a littafi ba don ado ba ne. Akwai magungunan da ake bai wa masu ciki kullum, masu kyau ga kowa, amma suna iya shaƙe mai asma. Labetalol, na hawan jinin ciki, yana cikinsu, kuma idan an san tana da asma akwai nifedipine da methyldopa da za a ba ta maimakonsa. Idan jini ya ɓalle bayan haihuwa, akwai allurar carboprost da ke matse hanyar iska, ergometrine ma kan yi haka, alhali oxytocin ba ya yi. A wannan lokaci ba mai tsayawa dogon tambaya, littafi ake buɗewa. Haka asfirin, ibuprofen da diclofenac, akwai wasu masu asma da ke tayar musu da ciwo. Wadda ta taɓa sha ƙirjinta ya kama, ta faɗa, musamman da yake yanzu ana bai wa wasu masu ciki ƙaramin asfirin don kare su daga hawan jini. Ibuprofen da diclofenac dama ba na mai ciki ba ne, balle idan ciki ya kai rabi. Ciwon kai ko na baya, farasitamol ya wadatar.

Ba zan ce muku kowane maganin asma ruwan sha ne ba. Idan ciwo ya tashi da ƙarfi, likita kan ba da ƙwayar prednisolone ta kwana 5 zuwa 7. Wasu bincike na da sun nuna ɗan ƙarin haihuwar yaro mai tsagaggen leɓe idan an sha a watanni ukun farko, wasu na baya kuma ba su ga haka ba. Yawan shansa yana iya ɗaga sukari da jini. Duk da haka likitoci sun haɗu a kan cewa ba a hana mai ciki shi idan ta buƙata, domin tashin da aka bari ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba, kuma mabiyiya tana kashe mafi yawansa, kusan kashi ɗaya cikin goma ne ke isa ga jariri. Wadda ta daɗe a kansa ta faɗa kafin naƙuda, akwai allurar da ake ƙara mata. Hanyar da za a kauce masa ita ce dai riƙe maganin kariya.

Wanda nake jin tsoro shi ne dexamethasone, wani sitiroyid ɗin, kuma a nan laifin na masu sana'ata ne. Ana ƙirga wa mata shi a ƙulla a leda ba takardar likita, wata don ƙirji, wata don ta yi ƙiba kafin biki. Shi wannan yana ratsa mabiyiya ya kai ga jariri, shi ya sa asibiti ke amfani da shi a lissafe idan ana tsoron haihuwar bakwaini. Ba abin da mai ciki za ta riƙa sha da kanta ba ne. Duk ƙwayar da aka ƙullo muku ba suna ba kwali, kada ta shiga bakin mai ciki. Haka jiƙo da sassaƙen da ake tallarsu a mota da lasifika. Ba wanda ya auna abin da ke ciki, balle ya san abin da zai yi wa ɗan wata uku. Addu'a da rubutu da zuma kuwa ba su yi faɗa da inhela ba, a haɗa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya yi bayin Allah su nemi magani.

Yanzu ga wanda ke hannunku ɗungurungum, ba likitan da zai iya muku: hayaƙin gida. Kun san yadda muke zaune, gida ɗaya ɗaki goma sha, kowace da kurfotinta a bakin ƙofa. Mai waakye ta hura itace tun kafin asuba, mai koko da ƙosai na gefe, da dare a rufe taga a kunna maganin sauro na hayaƙi, amarya kuma a turara mata ɗaki da turaren wuta har ba ka ganin bango. A waje ga masu ƙona bola da wayoyin ƙarfe, ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Ba mamaki ciwon yake ƙaruwa. Dakta Addo-Yobo da abokan aikinsa sun gwada 'yan makaranta a Kumasi da kewaye a 1993, suka sake a 2003, suka ga yaran da ƙirjinsu ke matsewa bayan gudu sun tashi daga kusan 3 zuwa 5 cikin 100. 'Yan matan cikinsu su ne iyaye a yau.

Ban ce a daina girki ba. Amma suruka mai asma da ciki, a ɗauke mata hura wuta da shara. Idan da murhun gas ta yi a kai, idan babu a yi girkin a fili inda iska ke kaɗawa. A rataya mata gidan sauro, wanda dama ana raba wa masu awo, a bar na kunnawa. A yayyafa ruwa kafin a share tsakar gida, a shanya katifa da filo a rana, a yaƙi kyankyasai. Turare kuwa, na san darajarsa a ɗakin mace, amma a turara kaya a waje, a bari hayaƙin ya fita kafin ta shiga. Maigidan da ke shan taba ya fita da ita ƙofar gida. Kuma kada a kira ta raguwa. Kalmar nan kaɗai ta isa ta sa yarinya ta tsuguna gaban murhu tana tari don kada a ce.

Wannan ya haɗa da jego. Ruwan wanka da ake dafawa da itace safe da yamma har kwana arba'in, da ɗaki a rufe ana ta turare baƙi suna shiga suna fita kafin suna, duk hayaƙi ne, ga ita ga jariri. Abin shaƙa ba ya hana shayarwa, prednisolone ma haka, abin da ke shiga nono bai taka kara ya karya ba. Ranar naƙuda ma ta tafi da gwangwanayenta cikin kayan haihuwa, ta shaƙa kamar kullum. Alhamdu lillahi, asma ba ta cika tashi a tsakiyar naƙuda ba.

Malamanmu mata, batun azumi naku ne, ni ɗaliba ce a gabanku. Abin da na sani, malamai sun saɓa a kan ko abin shaƙa yana karya azumi. Shehu Ibn Baz da Shehu Ibn Usaimin sun ce ba ya karyawa, wasu kuma sun ce yana karyawa, a rama. Amma ban ji wanda ya ce mace ta zauna numfashi na ɗaukewa tana jiran magariba ba. Kuma kun fi ni sanin hadisin da Tirmizi da Abu Dawud suka rawaito, cewa Allah ya sauƙaƙa wa mai ciki da mai shayarwa azumi. Wadda ta ga za ta iya, na kariya sau biyu ne a rana ga mafi yawan mutane, ta yi ɗaya da sahur ɗaya bayan shan ruwa, ta kuskure baki ta zubar kamar yadda ake yi kullum don kada harshe ya yi fari. Ku faɗa musu wannan a wajen karatu tun Sha'aban, sun fi jin ta daga bakinku.

Idan kuma ta tashi da dare, ga abin yi. A zaunar da ita, kada a kwantar. A girgiza na shuɗin, fesa ɗaya, ta ja numfashi a hankali, a jira rabin minti zuwa minti, a sake, har zuwa fesa 10. Maganin ya fi shiga idan an bi ta kwalbar shaƙa da ake sayarwa don haka. Idan babu, robar ruwa mai rabin lita ta isa: a huda gindinta daidai bakin inhela, a cusa, ta kama bakin robar ta shaƙa. Likitoci a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun gwada wannan a kan yara a 1999, suka ga tana aiki kamar ta kanti. A haɗa ta tun da rana a ajiye, ba sai an shiga ruɗu ana neman wuƙa ba. Idan ba ta iya gama magana a numfashi ɗaya, ko fesawar ba ta yi aiki ba, ko leɓe ya canza launi, ko ta fara galabaita, ko ta ji motsin ɗa ya ragu, a tafi asibiti a lokacin. A kira 112, ko a tare pragya, keken nan mai ƙafa uku, ko a buga wa maƙwabci mai mota ƙofa. Kada a ce sai gari ya waye, kada a ce maigida yana kan hanyar Tamale sai ya dawo ya ba da izini. Ku sa ya ba da izinin tun yau, a gaban shaidu. A asibiti za a sa mata oksijin, domin ba a so awon iskar jinin mai ciki ya sauka ƙasa da kashi 94 cikin 100, a turara mata magani da na'ura, a kuma duba bugun zuciyar ɗan.

Ba kuwa kowane haki ne asma ba. Mafi yawan masu ciki suna jin numfashi bai isa ba, ko lafiyarsu ƙalau, amma wannan ba ya zuwa da fito ko tari. Ƙarancin jini yana sa haki. Tarin da ya wuce mako biyu da rama da zufar dare, a gwada tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai a zaune, wannan zuciya ce ake tsoro, likitocin Zariya sun yi rubutu a kanta tun shekarun 1970. Kada a ara mata inhelar maƙwabciya, a kai ta.

Saura kuɗi. Salbutamol da beclometasone suna cikin jerin magungunan inshora, amma kun sani na sani, sau da yawa takarda ake miƙo wa mace a ce ta je waje ta saya, kuma na kariyan ya fi tsada. A nan ake yanke shawarar a sayi na shuɗin kawai. Ku yi wa 'ya'yanku maza magana. Wanda ya iya tanadin ragon suna da ankon dangi tun ciki na wata shida, ya iya tanadin gwangwani ɗaya a wata. Adashin ƙungiya ma da ake fitarwa don biki da rasuwa, a ware wani abu don wannan.

Kuna kuma da muryar da ni ba ni da ita. Lokacin zaɓe kowa ya san ƙofar Magajiya. Ku haɗu, ku da uwayenmu na FOMWAG, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Gana, ku nemi ganin daraktan lafiya na Asokore Mampong da na birnin Kumasi. Ku roƙa a tabbatar maganin kariya yana nan a wuraren awo, a riƙa tambayar kowace mai ciki batun asma ranar farko, a kuma samu mai jin Hausa a ranakun awo da zai nuna yadda ake shaƙa da hannu, ba a miƙa kwali kawai ba. Ku nemi a ba ungozoma fili a Zuria FM ta amsa tambayoyin mata da harshenmu. Talatar farko ta watan Mayu ita ce ranar asma ta duniya, kuna iya sa taronku ya dace da ita, ku gayyaci Sarkin Zango da limamai, don maza su ji da kunnensu.

Ni kuma duk ƙungiya ko makarantar da ta shirya zama, ta aika wa masu shagon magani da ma'aikatan jinya 'ya'yan Zango, muna da yawa yanzu. Za mu zo da gwangwanin da ba magani a ciki da robar ruwa, kowace uwa ta riƙe ta gwada da hannunta. Ku zo da surukanku.

Idan na yi kaushin harshe a wani wuri, ku yafe wa 'yarku. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
mai aikin ba da magani, Kumasi